Buhunan Bayan Ɗakin Inna

Likitan bai ko ɗago kai ba da ya tambayi sana'ata. Na ce kafinta ne. Ya ce a ina shagon yake. Na ce a gida, cikin gareji. Sai a lokacin ya ajiye biro, ya yi mini irin kallon da ake yi wa wanda aka kama da kayan mutane a hannu.

"A gidan da yarinyar nan take kwana?"

"Akwai bango a tsakani," na ce.

"Ƙura ba ruwanta da bango, malam."

Auta tana zaune a cinyar uwarta, ƙirjinta yana kuka kamar ƙyauren da ya yi tsatsa. Ita ce ƙaramarmu, ba ta daɗe da shiga makaranta ba. Yayyenta duk a gidan nan suka tashi, a cikin ƙurar nan, babu wanda ya taɓa yi mini ko atishawa saboda katako. Ita kuwa tun farkon shekara take tari, in ya sarƙe ta har sai idanunta sun firfito. Likita ya rubuta mata abin shaƙa, ya ce a raba ta da ƙura, a kuma riƙa ɗaga mata kai idan za ta kwanta.

Maman Auta ta bari sai da muka iso ƙofar gida. Tana sauke yarinyar ta juyo.

"Ka dai ji."

"Na ji. Ba toshe kunnena yake ba."

"To ko shagon nan, ko 'yata."

"Au, yau ta zama taki ke kaɗai?"

Ta ja hannun Auta suka shige, ta bar ni tsaye ina huci.

Wanda bai taɓa yin sana'a a cikin gidansa ba, ba zai gane ba. Shagon nan ba shi da faɗin da zan juya dogon falanki sai na buɗe ƙofar waje na leƙa ko akwai mai wucewa. In an kawo wuta, ko loma ce a hannuna sai na ajiye na ruga, don ban san yaushe za a ɗauke ba. Na sha jera katako don ya bushe, in dawo in tarar an shanya jiƙaƙƙen zane a kai, ya sha ruwa ya karkace. Zartona ya sha yankan ƙashi. Duk na haƙura, saboda abu biyu: injin yanka da injin guga, mai goge katako ya yi santsi. Shekaru na yi ina aiki a ƙarƙashin wasu kafin na mallake su. Da su na ciyar da gidan nan, da su na yi wa Inna, mahaifiyata, ɗaki a can ƙarshen tsakar gida bayan rasuwar Baba. Yanzu mutum ɗaya mai farar riga ya ce in kwashe, kamar tabarma ce.

Ban kwashe ba. Na ce zan yi maganin ƙurar da kaina.

Ƙofar da ta haɗa gareji da tsakar gida na fara rufewa. Na buga mata falanki, na bi kowace kafa na cusa tsumma, na lulluɓe da tamfol. Tagar ma haka. Shagon ya koma tanda, gumi har cikin idona, ban damu ba. Kullum in na tashi aiki sai na yayyafa ruwa na share, na kwashe garin katakon tas na ɗura a buhu na ɗaure bakinsa. Da can a bakin ƙofa nake tara shi, iska ta yi ta wasa da shi. Yanzu sai in zagaya da buhunan in jera su a bayan ɗakin Inna, inda akwai rumfa, har mai kiwon kaji ya zo ya kwasa. Kayan aikina a shago nake tuɓe su. Ko Auta ta rugo da gudu tana "Baba, Baba," sai na daka mata tsawa ta tsaya can har in yi wanka.

Sannan na yi abin da nake ganin ya fi komai dabara. Ɗakinmu shi ne jikin gareji, na Inna kuwa shi ya fi nisa. Na ɗauki katifar Auta na kai can.

Inna ta yi murna. "Kawo min ƙawata," ta ce. "Dama ku ba ku iya riƙon yaro ba. Kwana kaɗan za ta yi a wurina ka ga ta yi kumatu."

Ba ta yi kumatu ba. Abin ƙaruwa ya yi. Da can sai ta yi guje-guje tarin yake tasowa, yanzu kuwa da shi take tashi daga barci. Kowace safiya ta fito idanu jajur, tana jan numfashi kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi. Ina tsaye da buta a hannu ina sauraronta.

Na rasa wanda zan kama, sai na kama maƙwabcina. Yana da wani tsohon janareta da ya jingina da katangarmu, hayaƙinsa baƙi ƙirin. Na buga masa ƙofa kamar zan karya.

"Lafiya, Kafinta?"

"Ina lafiya, kana kashe mini 'ya da hayaƙi?"

Ya dube ni sama da ƙasa, ya yi dariya. "Ni? Kai da in ka kunna abin nan naka ko shayi aka haɗa a gidana sai an tace? Matata ta daina shanya fararen kaya saboda kai. Mun yi shiru ne don zaman tare."

"Ka matsar da shi, ko in matsar maka da guduma."

"Bismilla. In ka gama ka shiga shagonka da ita, can aikin yake."

Sai da mutane suka shiga tsakani. Ya matsar da janaretan washegari, ba don tsorona ba, don matarsa ta ce yarinya ce. Tarin bai ko gezau ba.

Daga nan na kashe injina gaba ɗaya. Na zauna a bencin shago ina kallonsu, wuta tana zuwa tana tafiya a banza, aikin mutane jibge a gefe. Na ce wa Maman Auta, "To ga shi na kashe. Ina sauƙin?"

"Ƙurar shekara da shekaru ce za ta fita don ka yi hutun kwana nawa? Tana cikin silin, tana cikin labule. Kuma na san ka. Mai kaya na ɗaga maka murya za ka kunna."

Na ji haushin maganar, na fi jin haushi da ta zama gaskiya. Wata mata da na yi wa alkawarin kwaba ta zo ta tsaya a bakin titi tana faɗa mini maganganu, wai in ba zan iya ba in faɗa, kafintoci ba su ƙare a duniya ba. Tana tafiya aka kawo wuta. Na rufe ƙofa na kunna injin guga, na yi ta aiki har yamma.

Da safe Auta ta kasa ko yin kuka. Leɓenta ya canza launi. A kafaɗa na saɓe ta, ko takalmi ban tsaya nema ba. A asibiti suka rufe mata fuska da abin iska, ƙirjinta yana hawa yana sauka, ɗan hannunta riƙe da babban yatsana. Likitan ya zo ya tsaya a kaina.

"Har yanzu shagon yana nan?"

Na mayar da idona kan Auta.

"Malam, ni magani nake bayarwa. Ba na bayar da sabon huhu."

Da a waje wani ya faɗa mini haka, da sai an raba mu. A nan kuwa sunkuyar da kai na yi. Ranar da aka sallamo ta na kira dillali.

Ya zo da hantsi da motar ɗaukar kaya da ƙarti biyu. Mutum ne mai tumbi, yana tafe yana sakace. Ya zagaya injin yanka, ya ƙwanƙwasa shi da makulli, ya taɓe baki.

"Wannan ai ya ga duniya."

"Bai taɓa kwana da lalura ba. Ni nake duba shi da hannuna."

"Kowa haka yake cewa. Don dai kai ne, Kafinta."

Don dai ni ne. Ya san a matse nake, ya murɗe ni yadda yake so, na ce a ɗauka. Ƙartin suka fara kwance ƙusoshin da na dasa injin da su a siminti. Kowace suka cire sai in ji kamar haƙorina ne. Don su samu hanya na ɓalle falankin da na rufe ƙofar tsakar gida da shi, na yaye tamfol ɗin.

Ta nan Inna ta leƙo, tana dogara sandarta.

"Da gaske dai sayarwa za ka yi?"

"Da gaske, Inna."

"To Allah ya sa haka ya fi alheri. Amma kafin ka share wurin, ka ware min buhu ɗaya. Mai laushin nan nake so, ba mai tsinke-tsinke ba."

"Wane buhu?"

"Na garin katako mana. Wanda ke bayan ɗakina mai kaji ya kwashe jiya, ban ankara ba."

"Me za ki yi da shi?"

"Matashin ƙawata ne ya kwanta. Ba ka ce likita ya ce a ɗaga mata kai ba? Ina ƙara masa lokaci-lokaci, amma ka san shi, da an kwana a kai sai ya lotsa."

Ban san lokacin da sifanar da ke hannuna ta faɗi ba. Na ratsa tsakar gida na faɗa ɗakin Inna, abin da ban taɓa yi ba babu sallama. Ga katifar Auta a gefen gado, an gyara ta tsaf. Ga matashi biyu, ɗaya kan ɗaya, cikin riga mai furanni da Inna ta ɗinka da hannunta. Na ɗaga na sama. Nauyinsa kaɗai ya ishe ni. Na kai shi saitin hasken taga na buga masa tafin hannu sau ɗaya.

Ƙura ta tashi, ja-ja, tana yawo a cikin hasken. Na san ta. Na san ɗacin nan da ya sauka a harshena, na madaci ne. Na san warin gam na katakon kanti, da na tsohon fenti da nake gogewa daga ƙofofin mutane. Abin da nake ɗaure hanci da tsumma kafin in taɓa, abin da na yi ta gumi ina sharewa ina ɗaurewa a buhu, shi 'yata take kifa fuska a kai tun daga kwanciya har wayewar gari.

Na fito da su, ɗaya a kowane hannu. Auta tana zaune a tabarma tana wasa da murafen kwalba.

"Ɗauke ta!" na yi wa uwarta ihu. "Shiga da ita ɗaki ki rufe!"

Ta sure ta ba tare da tambaya ba, ta tura ta ɗaki ta dawo. Na jefa matasan a bakin magudanar ruwa, na zaro wuƙar aljihuna na farke ɗaya. Garin ya zubo ya yi tsibi.

"Inna, mene ne wannan?"

"Me ka gani? Matashi ne."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da ka kawo ta. Wancan na soso da kuka ba ta, ai kamar takarda yake. Da na ga tarin yana ƙaruwa sai na yi mata na biyu, don kan ya ɗagu sosai." Ta dube ni, ta dubi Maman Auta da ta dafe ƙirji. "Wai me ya faru ne? Kai a kan me ka yi wayo? Kai da 'yan'uwanka duk a kan irinsa kuka kwana. Mahaifinku bai taɓa sayen matashi ba."

"Baba da hannu yake fere katako, Inna! Farin katako, ɓawo ne yake fita, ba gari ba! Wannan gam ne! Fenti ne! Guba ce! Ina can ina toshe ƙofa kamar mahaukaci, na yi faɗa da maƙwabci, na zubar da mutuncina a titi, ashe ke kina nan kina ɗura mata a hanci!"

Tunda aka haife ni ban taɓa ɗaga mata murya ba. Tsakar gidan ya yi tsit. Har ƙartin dillali sun daina buga ƙarfe.

"Ni kake yi wa tsawa?" ta ce, a hankali.

Ba ta jira amsa ba. Ta dubi garin da ke ƙasa, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta juya ta shige ɗaki ta saki labule.

Maman Auta ba za ta iya buɗe baki ga surukarta ba, don haka a kaina ta sauke.

"Ka gama? Wa ya kai mata buhunan har bayan ɗaki? Wa ya ɗauki yarinyar ya kai mata?"

"Ke da kike wanke rigar matashin, ba ki ji nauyinsa ba?"

"Cirowa take yi ta miƙo min. Ɗakin mahaifiyarka zan shiga ina bincike? Da na yi, da kai ne na farkon cewa na raina ta."

Muna cikin haka dillali ya leƙo ta ƙofar gareji, yana murmushin wanda ya ji komai.

"Kafinta, ɗaya yana kan mota, ɗaya yana ƙasa. A ɗora ko a sauke? Rana tana yi."

Wani abu ya buɗe a ƙirjina. Ashe ba injina ba ne. Ashe ba sai na rabu da su ba.

"A sauke," na ce. "Na fasa."

"Baban Auta."

Ba da faɗa Maman Auta ta kira ni ba, shi ya sa na juyo.

"Ranar da ta fara tarin nan, a ɗakin wa take kwana?"

Na kawar da kai. Ta amsa da kanta.

"A ɗakinmu take. A kan soso. Inna ba ta ɗinka komai ba a lokacin."

"Wancan ɗan tari ne. Matashin ne ya kai ta asibiti."

"Wataƙila. Wataƙila kuma gugar da ka wuni kana yi ce. Ka sani?"

"Sai a gwada mana! A jefar da matashin, in ci gaba da aiki, a gani."

"A gwada," ta ce. "A ƙirjin wa?"

Na so in fasa wani abu. Na so a ce akwai mutum ɗaya da zan shaƙe in ce kai ne. Inna tana bayan labule, kuma don ƙauna ta yi. Matata gaskiya ta faɗa. Likita ma gaskiya ya faɗa, ko da yake da rashin kunya ya faɗe ta. Ta tagar ɗakinmu na hango Auta ta manna goshi a gilashi tana kallonmu, numfashinta yana yin hazo a jiki yana gogewa.

Na haure tsibin garin da ƙafa, abin da ya sa ni tari ni ma.

"A ɗora," na ce wa dillali. "Kuma ka bar yi mini murmushin nan."

Ban tsaya na ga fitar motar ba. Na kwashe garin na kai bola da kaina, na dawo na fitar da duk abin da ke ɗakin Inna, katifa da labule da shimfiɗa, na wanke ɗakin da ruwa har bango. Tana zaune a kujera a waje, ba ta dube ni ba. Da na gama na durƙusa a gabanta na ce ta yafe mini tsawar. Ta ce, "Tashi, gwiwarka za ta yi ciwo." Da yamma na ga ta yayyaga tsofaffin zannuwanta masu laushi, ta wanke, tana cusawa a sabuwar rigar matashi. Da ta gama ba ta kai ɗaki ba. Ta aiko a ba ni in duba tukuna. Wannan ya yi mini ciwo fiye da tsawar da na yi mata.

Yanzu in na samu aiki, sai in ɗora katako a kan amalanke in kai wurin masu inji a kasuwa, in bi layi, in tsaya ina kallon wani yana yanka mini a karkace ina cizon yatsa. In dawo gida in ƙarasa da abin fere na hannu da Baba ya bari. Abin da nake gamawa kafin azahar yanzu sai ya cinye mini wuni biyu. Rabin masu kawo mini aiki sun koma wani wuri. Kafaɗata ba ta daina ciwo ba.

Auta ta samu sauƙi. Abin shaƙarta yana cikin jakar makaranta, ba kasafai ake ciro shi ba. Uwarta ta ce tafiyar injin ce. Maƙwabcina, da muka shirya, ya ce ai dama ya faɗa. Ni kuwa a raina na fi yarda matashin ne, kuma in matashin ne, to a banza na rabu da abin da na yi rabin rayuwata ina nema. Ba zan taɓa sani ba. Duk ranar da na wuce shagon da aka kai injina na ji ƙararsa, don na san muryarsa a cikin dubu, sai in ƙara sauri, ba na waiwaye har gida.

Jiya ina fere ƙafar tebur, siraran ɓawon suna nannaɗewa suna faɗuwa a ƙafata, farare tas, irin na zamanin Baba. Ko su ba na bari. Durom na samu mai murfi da kwaɗo, makullin yana aljihuna. Sai ga Auta a bakin ƙofa, ta miƙo hannu.

"Baba, ba ni ɗaya in yi zobe."

"Koma ciki!"

Ta murguɗa mini baki, ta kwasa da gudu. Na ajiye abin feren na kasa kunne. Ta ratsa tsakar gida, ta zagaya rijiya, ta faɗa ɗakin Inna tana kai ƙarata da ƙarfi, ba ta ko tsaya jan numfashi ba. Na jira tarin. Na daɗe ina jira. Sannan na ɗauki abin feren na ci gaba.